Matsugunin tsufa a ƙasar Adar: Tabotaki, Buza, Keita ko Madawa?

A gidajen Adarawa da yawa da ke zaune a Yamai, Tawa ko Maradi, akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, ba a son mai gida ya ji: Baba ya manyanta, ƴaƴa sun watse, gidan da ya gina da gumin shekara talatin ya fi ƙarfinsa. A sayar a koma ƙauye? A ba da haya a nemi ƙarami? In kuwa za a tashi, ina za a dosa? Ga ƴan asalin Tabotaki da kewayenta, zaɓin bai wuce garin haihuwa ko ɗaya daga cikin manyan garuruwan gundumomi uku da ke kusa ba, wato Buza, Keita da Madawa. Kowa ya san inda fili ya fi araha. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne kuɗin da zama a kan filin zai riƙa ci kowace safiya.

Gidan da ya fi ƙarfin mai shi

Dattawan da wannan magana ta shafa, galibinsu sun yi ƙarfinsu ne daga shekarun 1980 zuwa na 2000. Ma'aikacin gwamnati na wancan zamani ya ga abin da ya gani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kwano da ƙarfe da duk abin da ke shigowa daga waje ya tashi, ga kuma bashin albashi na watanni da ya zame wa ma'aikata jiki a shekarun 1990. Duk da haka ya yi gini, ɗaki ɗaya bana, ɗaki ɗaya baɗi, har gida ya tashi. Ɗan kasuwa kuwa, wanda ya tara nasa a Abijan, Legas, Kano ko Libiya, kamar yadda Adarawa suka daɗe da sabawa da tafiya bida, shi ma bai gina don kansa kaɗai ba. An yi ginin ne don mata biyu ko uku, da ƴaƴa goma, da ƴaƴan ƴan uwa da aka turo karatun kwaleji da lise, da baƙin ƙauye masu sauka in sun zo asibiti ko neman wata takarda.

Yau ƴan mata sun yi aure, samari kowa ya kama gabansa, rabin ɗakunan a kulle suke. Amma takardar wuta da ta ruwa ba su san an yi ritaya ba, ƙarshen wata sai sun zo. Kowace damina sai an taɓa rufi, an toshe tsaga, an yashe masai. Ga wani nauyi da ba a faɗi: babban gida kiran baƙi yake yi, kuma dattijon da ya saba ciyar da duk wanda ya yi sallama ba zai iya buɗe baki ya ce tukunya ta ragu ba. Fansho, ko na ma'aikatan gwamnati da ke hannun CARENI ko na ma'aikatan kamfanoni da ke hannun CNSS, bai kai albashi ba. Ɗan kasuwa ma ba shi da ko ɗaya. Gidan nan da ƴaƴansa su ne fanshonsa.

Me ya sa ake jinkiri? Kunya ce. A wurinmu, in aka ce wane ya sayar da gidansa, abin da kunne ke ji shi ne karayar arziki, ko da kuwa dabara ce ta mai hankali. Saboda haka sai a yi ta ɗaga maganar har ranar da ciwo ya kwantar da tsoho, a nemi kuɗin magani ido rufe. Dillalai sun san wannan rana sarai, kuma ba su taya gidan mai gaggawa da daraja.

Abin da Tabotaki ke bayarwa

Tabotaki komin ce ta karkara a gundumar Buza, cikin jahar Tawa, arewa da garin Buza. Tana cikin komin bakwai na gundumar, tare da Buza kanta, Allakaye, Babankatami, Dewule, Karofane da Tama. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba ta sama da mutum 46.000, waɗanda ke warwatse a garuruwa da ƙananan ƙauyuka. Ƙasa ce irin ta Adar: tuddan dutse a sama, kwaruruka masu albarka a ƙasa, da ƙoramu da ke kwana a bushe wata tara sannan su farka da fushi in sama ta zubo.

Dalilan komawa can masu ƙarfi ne, bai kamata ɗan boko ya raina su ba. Sau da yawa fili ma ba saye za a yi ba, akwai kangon gidan gado ko gefen gidan ɗan uwa. Laka tana nan, magina suna nan. Hatsi daga gonar gida zai fito, a zuba a rufewa. Sama da duka akwai mutunci. Dattijon da a Yamai yake yini shi kaɗai a ƙofar gida yana kallon motoci, a garinsu shi ne za a sa gaba wajen ɗaurin aure da raɗin suna, shi za a kira in ana sasanta rikicin iyakar gona. Kuma akwai burin da tsofaffi ba su ɓoyewa, na a rufe su kusa da iyayensu. Kaɗaici ciwo ne da ba ya cikin littafin likita, amma yana karya tsoho, kuma a nan ƙauye ya fi birni magani.

Sai dai ƙauyen da tsoho ke tunawa, na kaka ne, lokacin da rumbuna suka cika, ƴan bida suka dawo, gari ya yi albarka. Ƙauyen watan Afrilu daban yake. Majiya ƙarfi sun fita cin rani, an bar mata da yara da tsofaffi, kowa na fama da nasa. Wanda aka ce zai kula da Baba, wataƙila yana Abijan a lokacin da ake bukatarsa.

Ruwa shi ne tambaya ta fari. A Adar ruwa ba daidai aka raba shi ba: a kwari ana samunsa kusa, a kan tudu kuwa sai an yi ta haƙa cikin dutse, kuma in rani ya yi nisa wasu rijiyoyin sukan ja baya. Akwai garuruwan da suka sami fanfo, akwai waɗanda har yanzu guga ce da igiya. Mace mai shekara talatin za ta iya jan guga ta ɗauko tulu. Tsohuwa mai shekara saba'in ba za ta iya ba. Ke nan duk jarkar da za ta shigo gidan, ko saye ko roƙo. Saye kuɗi ne kullum, roƙo kuwa yana da ranar ƙarewa, don ko jikanka ne, in ka aike shi rijiya sau uku a yini, wata rana zai ga ƙofarka ya canza hanya. Kafin a tambayi kuɗin fili a kowane gari, a fara tambayar taku nawa ne tsakaninsa da ruwa a watan Mayu.

Tambaya ta biyu ita ce asibiti. Tsarin kiwon lafiya na ƙasarmu hawa-hawa ne: ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauye, sai cibiyar da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jaha da ke Tawa, sannan manyan asibitocin ƙasa. Ga zazzaɓin cizon sauro ko rauni, matakin ƙasa ya wadatar. Amma cututtukan tsufa ba baƙi ba ne masu kwana biyu su wuce. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido, wahalar fitsari ga maza, ciwon gwiwa, duk masu zama ne, suna son awo a kai a kai da maganin da ba ya yankewa. Mai allurar suga kuma yana bukatar wuri mai sanyi da zai adana ta. Magani kyauta da gwamnati ta kawo a 2006, na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne da mata masu ciki, tsofaffi ba su ciki. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocin gwamnati, abin da ya sauƙaƙa wa jama'a ƙwarai, amma ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi abincin mai jinya ba, bai shafi kwanakin da ɗa zai bar shagonsa ko ofishinsa ya zo ba. Kuma akwai daren da kowane gida ke tsoro: tsakiyar Agusta, ruwa na zuba, ƙorama ta kawo, ga tsoho ya faɗi ɓarin jikinsa ba ya motsi. A wannan dare ba a tuna nawa aka sayi fili.

Mai karatu ɗan kasuwa zai fi gane abin da alƙalami. A ce filin babban gari ya fi na ƙauye tsada da jaka 600. A ce zama a ƙauye zai ci jaka 10 a wata na zuwa asibiti da ɗan rakiya, da jaka 5 na ruwa. Jaka 15 ke nan a wata, jaka 180 a shekara. Cikin shekara uku da wata huɗu, ribar da aka yi murnar samu ta ƙare, daga nan kuma asara ce ke tafiya. Waɗannan lambobi misali ne kawai, kowane gida ya ɗora nasa a gurbinsu. Wani lissafin zai nuna ƙauye ne ya fi, musamman in tsoho na da sauran ƙarfi, gari na da fanfo, kuma akwai ɗa ko suruka da ke zaune rani da damina. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanke shawara ba a yi lissafin ba.

Tsakanin garuruwa uku

Buza ce mafi kusa da gida ga mutumin Tabotaki. Akwai asibitin gunduma, akwai ofisoshin hukuma, kuma nisan bai kai a yanke zumunci ba: ƴan uwa za su leƙo ranar kasuwa, damin gero zai iso daga gona, in an yi rasuwa a ƙauye tsoho zai je gaisuwa ya komo ya kwana a ɗakinsa. Wanda ya san kwarin Majiya ya san layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don tare iska. Yankin ba baƙo ba ne ga duk ɗan gundumar. Rauninta shi ne ba ta kan babbar hanyar ƙasa. Ɗan da ke Yamai sai ya sauka Madawa ya sake mota.

Keita ta yi suna da babban aikin raya karkara da aka soma a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun FAO da PAM, wanda ya farfaɗo da fako, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gina madatsun ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Ga tsoho, babbar fa'idarta ita ce tana kan hanyar Tawa. Wanda ciwonsa ke bukatar babban asibitin jaha a kai a kai, ko wanda ƴaƴansa ke aiki a Tawa, ya dubi Keita da kyau.

Madawa ita ce mai tsada a cikinsu, kuma da dalili. Tana kan hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, motocin Yamai, Maradi da Damagaram na ratsa ta kullum, ɗa zai iya tasowa da safe ya yi sallar la'asar ko magariba tare da mahaifinsa. Tana da asibitin gunduma, ga asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ba nisa ta yamma. Akwai wuraren karɓar kuɗin aike irin su Nita da Al Izza, akwai kantunan magani. Amma kuɗin albasar kwarin Tarka da kasuwancin bakin iyaka sun sa masu neman fili sun yi yawa, mai fansho kuwa ba zai iya ja da mai tirelar albasa ba. Kasuwarta kuma tana numfashi ne tare da Najeriya. An ga haka da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta, garuruwa suka shiga duhu na tsawon sa'o'i. Darasin da aka koya a nan ya shafi duk garuruwan uku: ƙaramin faifan hasken rana da zai juya fanka ya kunna fitila ya fi wa tsoho amfani bisa ga falo mai tayil.

In za a faɗi gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, ga mafi yawan tsofaffin da ciwo ya fara taɓawa, babban garin gunduma mafi kusa da dangi shi ne ya fi dacewa. Bai kai birni tsada ba, bai kai ƙauye wuya ba. Ga ɗan Tabotaki, Buza ce za a fara dubawa, sai in akwai dalili na musamman da ya ja zuwa Keita ko Madawa.

Unguwa ta fi gari

Zaɓen gari rabin aiki ne. A cikin gari ɗaya, wani fili rahama ne, wani azaba. Filayen da aka yanka a bayan gari sun fi araha domin ba fanfo, ba turken wuta, ba maƙwabci, ba inuwa. Saurayi mai babur zai iya saye ya jira gari ya iso shi nan da shekara goma. Mai shekara saba'in ba shi da wannan jira. Shi abin da yake so, masallacin da zai taka da ƙafarsa sau biyar a yini ba tare da ya tsaya hutawa ba, da majalisar tsararrakinsa a gindin bedi, da maƙwabciyar da za ta ji in an yi kira da dare. Ƙaramin gida tsoho a tsakiyar unguwa, ko da rabin fili ne, ya fi kanka guda a bakin daji.

Sai maganar tudu da kwari. Daminar 2024 ta bar wa ƙasar nan tabo: sama da mutum 300 suka rasa rayukansu, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, gidajen ƙasa dubbai suka zube. Filin da ya faɗi warwas a farashi, sau da yawa hanyar ruwa ce, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa ko ya shekara ashirin bai bi ta ba. Dillali zai kai mai saye ne a watan Maris, ƙasa a bushe, ko'ina fes. Wanda ya san abin da yake yi sai ya koma a watan Agusta, washegarin babban ruwa, ya ga inda ya kwanta. In ba zai iya jira ba, ya tambayi tsofaffin matan unguwar; su ne suka san inda ruwa ya kai a kowace shekara, kuma ba su da kamasho a cinikin.

Ginin kansa ba ya son girma. Ɗaki biyu, rumfa mai faɗi, zaure ko ɗan wurin karɓar baƙi, da ɗaki guda na jika ko wanda zai kwana kusa. Kada a yi matakala mai tsawo, kada a kai makewayi ƙarshen gida inda sai an ratsa duhu da taɓo, kuma a sa masa abin dafawa da wurin zama domin gwiwar da ba ta son tsuguno. A bar ɗan wuri na tunkiya ko akuya biyu, don kiwo shi ne asusun tsohuwa kuma shi ne abokin hirarta. Masu kuɗi na son bulo da kwano, ga siminti na Malbaza kusa, har ma gwamnati ta rage farashinsa a watan Oktoba na 2024 bayan ambaliyar. Amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai kwano ba silin tanda ne, kuma zafi na kayar da tsoho fiye da yaro. Shigifar ƙasa mai kaurin bango, wadda aka ɗora a kan tushen dutse da siminti aka kuma yi mata indararo mai kyau, ta fi sanyi, ta fi araha. Dutse kuwa Adar ba ta roƙonsa wurin kowa.

Takarda kafin tubali

A babban gari, filin da hukuma ta yanka yana da takardar da ake kira « acte de cession ». Ganin takardar a hannun mai sayarwa bai isa ba, sai an je ma'aikatar gari an duba littafi an tabbatar sunan da ke ciki da lambar filin sun dace, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. A karkara kuwa, dokar ranar 2 ga Maris 1993 da ta kafa ginshiƙan « Code rural » ta amince da mallakar gargajiya, kuma an kafa kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, komin da ƙauye, waɗanda ke ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina da ta mallakar gado. Kuɗin yin takardar kaɗan ne in aka gwada da kuɗin shari'a.

A nan ne komawa gida ke da ƙaya. Mutum ya bar gari shekara arba'in, ƙanensa ne ke noma rabonsa na gona, ɗan ƙanen ya yi gini a kangon mahaifinsu. Aro ne ko kyauta? Ba wanda ya rubuta, shaidun kuma sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da tsoho ya sauke kaya ya ce ya dawo, maganar da ta kwanta shekara arba'in sai ta tashi zaune. Gara a yi ta tun kafin a ɗaure kaya, a gaban mai gari da liman, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ta ƙi daidaituwa, sayen ɗan fili a Buza ya fi araha bisa ga zama a gidan gado da gaba.

Haka kuma a fayyace sunan wanda ke kan sabon gidan. In ɗa ɗaya ne ya biya, a rubuta ko kyauta ya yi wa mahaifinsa ko aron zama ya ba shi, domin ranar rabon gado sauran magada za su tambaya. Sannan a tuna da matar gida. A shari'ar Musulunci, in mamaci ya bar ƴaƴa, tumunin dukiya ne rabon mace, wato kashi ɗaya cikin takwas, in kuma su biyu ne ko uku, shi ɗin za su raba. Tumunin ƙaramin gida bai kai ɗaki ba. Dattijon da ke son matarsa ta gama takaba ta ci gaba da zama inda take, yana da damar ya mallaka mata ɗakinta tun yana raye, da shaidu da takarda, bayan ya nemi bayanin malamai a kan sharuɗɗan kyauta.

Kuɗin da suka rage bayan an sayar da babban gida an sayi ƙarami, wurinsu banki ne ko wata kadara mai kawo haya. Labarin wane ya sayar da gida a Yamai yakan riga shi isa gari, masu bukata za su yi layi, kuma ba duka ne masu zuwa da sallama ba.

Ba dole sai an sayar ba

Akwai hanyar da ake mantawa da ita don ta yi sauƙi da yawa. A ja katanga a raba gidan biyu, a fasa wata ƙofa, tsoho ya zauna a ɓangare ɗaya, a ba da ɗayan haya. Gida ya ragu, kuɗi na shigowa kowane wata, masallaci da maƙwabta da likitan da ya san ciwonsa duk suna nan inda suke. Ko kuma a ba da gidan duka haya, a kama ƙarami a Buza ko Madawa da wani kaso na kuɗin, sauran ya zama cefane. Haya na da nata ciwon kai, ɗan haya mai taurin bashi da gyaran da ba ya ƙarewa, saboda haka sai an sami amintacce a kusa mai bibiya. Amma gidan da aka ba haya ana iya komawa cikinsa, wanda aka sayar kuwa ya tafi, kuma da wuya kuɗinsa su sake sayen irinsa a unguwar bayan shekara biyar.

Wa aka tambaya?

Sau da yawa ƴaƴa maza ne ke yanke wannan shawara ta wayar salula, tsakanin Yamai da Abijan, sannan a sanar da masu gida. Ana mance cewa mutum biyu ne za su tashi, kuma ba lalle bukatarsu ta zo ɗaya ba. Baba na mafarkin garinsu. Inna kuwa, wadda ta shekara arba'in a birni, adashinta na can, ƙawayenta na biki na can, ƴar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ƙanƙara na can, kuma wataƙila ita ba ma ƴar Tabotaki ba ce. Garin miji za a kai ta, cikin dangin miji, ta koma baƙuwa da furfura. Akwai kuma akasin haka: gyatumar da mijinta ya rasu a ƙauye, ɗa ya ɗauko ta don jinƙai ya ajiye ta a birni bayan ƙofar ƙarfe, ga abinci ga fanka, amma ba mai ce mata ina kwana sai mai aiki. Irin wannan tsohuwa, ɗaki guda kusa da ɗiyarta da ke aure a Buza ko Keita zai fi mata gidan sama.

Yadda za a ɗauko maganar ma sai da dabara. Ɗa ba ya duban idon mahaifinsa ya ce masa gidanka ya fi ƙarfinka. Akan bi ta hannun amininsa, ko kawu, ko limamin unguwa, a jefa maganar kamar hira, a bar shi ya juya ta har ta zama tasa. Inna kuma a aika mata ɗiyarta ko ƙanwarta su ji ta bakinta a ɗaki, domin a gaban mai gida « duk yadda kuka yi daidai ne » kawai za ta ce.

In an daidaita a kan gari, kada a kira dillali tukuna. A kama hayar ɗan gida a can na shekara guda, a bar makullin gidan birni a aljihu. Tsofaffin su ga watan Afrilu da zafinsa da layin fanfo, su ga watan Agusta da sauronsa da ƙoramarsa, su je asibitin garin sau biyu ko uku su ga ko maganinsu na samuwa, ƴaƴa kuma su ƙirga sau nawa suka iya zuwa da abin da kowace tafiya ta ci. Kuɗin hayar shekara guda a Buza ko Keita ba su kai kamashon da dillali zai karɓa a cinikin babban gida na Yamai ba.